Chauvin Arnoux da Fluke: gadon iyali ne ke sa mita ta yi kyau?

Mai Wayarin Damagaram: Jama'a, ni dai ra'ayina kenan: kamfanin mitar gwajin wuta da ya zauna a hannun iyali ya fi wanda 'yan hannun jari suka saye. Ku dubi Chauvin Arnoux. Raphaël Chauvin da René Arnoux suka kafa shi a Faransa a 1893, kuma har yau zuri'ar Arnoux ke riƙe da shi. Mutumin da sunan kakansa ke jikin mita ba zai yarda ta yi ƙarya ba.

Oga Sola: Malam, ka fara da son kai don kayan Faransa kuka saba gani a Nijar. To Fluke fa? John Fluke ya kafa shi a Amurka a 1948, ya rasu a 1984, rukunin kamfanoni na Danaher ya saye kamfanin a 1998, a 2016 kuma ya koma ƙarƙashin kamfanin Fortive. Iyali sun fita tuni. Amma Fluke 87V da kowane mai gyaran wuta ke mafarkin mallaka, bayan sayarwar ta fito.

Mai Wayarin Damagaram: Ai a kan tubalin tsohon aka ɗora ta. Jerin 87 tun kafin Danaher yake. Waɗanda suka saya sun tarar da abu mai kyau ne, suka yi hankali ba su ɓata ba.

Hajiya Injiniya: Ku dakata. Fluke ɗin ma ai tun kafin 1998 ana cinikin hannun jarinsa a kasuwa, don haka ba kamfanin iyali zalla ba ne a lokacin da ka ke yabo. Sannan Chauvin Arnoux da kansa ya sayi kamfanin mita na Metrix a 1997. Idan saye yana kashe inganci, me za ka ce game da wannan?

Mai Wayarin Damagaram: Hajiya, wanda ya saya nake dubawa. Iyali na iya haƙuri da riba shekara da shekaru suna bincike. Haka suka fito da Contrôleur Universel a 1927, ɗaya daga cikin kakannin mitocin da muke aunawa da su yau, kuma masana'antunsu na nan a Normandi. Rohde & Schwarz na Jamus ma, mai ƙera na'urorin gwaji, tun 1933 yana hannun iyalan waɗanda suka kafa shi.

Hajiya Injiniya: Haƙurin na yarda da shi, nan kana da gaskiya. Amma waɗanda suka tsira kawai kake lissafawa. Kamfanonin iyali da magada suka yi rigima suka wargaje, wa ke tuna sunansu? Mu da muka ga shaguna sun mutu ranar rabon gado bai kamata a yi mana wannan bayanin ba. Ni in zan sa hannu a allon rarraba wuta mai layi uku, matakin CAT da ke jikin mita nake dubawa, wato alamar irin layin wutar da za ta iya jurewa lafiya, da fis ɗinta, da takardar daidaita awonta. Ba na tambayar jikan wa ke shugabanci.

Ƙaramin Yaron Shago: Iyayen gida, a yi min afuwa. Tawa an rubuta Fluke a jiki, amma kuɗinta bai kai na cajar waya biyu ba. Tana ɓangaren wa?

Oga Sola: Ƙanena, taka ba ta da uba ballantana kaka. Kada ka kusanci babban layi da ita, ka bar ta a gwajin batir.