Wai mutanen da komai aka faɗa musu sai su yarda?

Ɗan Sabon Gari: Jama'a ni fa ban ga bambanci tsakanin labarin bayyanar Yesu ga almajiransa bayan mutuwarsa da na allolin Girka da Rum ba. Mutanen wancan zamanin ka ce musu abin bauta ya fito a bakin rafi sai su zube ƙasa, ba tambaya ba komai.

Malamin Tarihi: Ɗan'uwa ka zalunce su gaskiya, su ma akwai masu ido a buɗe. Lokacin da Fisistaratus ke neman komawa mulkin birnin Atens ya samo wata doguwar mace ya sa mata sulke da kwalkwali ya ɗora ta a keken doki, 'yan shela na gaba suna cewa ga allahiya Atina da kanta ta dawo da shi, kuma marubucin tarihi Hirodotus da ya kawo labarin wauta ya kira abin ƙarara.

Ɗan Sabon Gari: To ai hujja ka ƙara min Malam, mutanen gari sun yarda ɗin kenan 😂

Maman Biyu: Yaya kar ka haɗa su kwando ɗaya. Labarin wai Romulus, wanda ake cewa shi ya kafa birnin Rum, ya bayyana ga wani bayan ɓacewarsa, marubucin tarihi Libi ya rubuta shi ne bayan shekara kusan 700. Shi kuwa Bulus wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa wajen shekara ta 54 miladiyya ce, shekara ashirin da 'yan kai kawai bayan Yesu, ya ambaci Bitrus da Yakubu waɗanda ya sani ido da ido, ya ce har mutum sama da 500 sun ga Yesu a lokaci ɗaya kuma yawancinsu na raye.

Ɗan Sabon Gari: Ɗari biyar ɗin ko sunan mutum ɗaya bai kawo ba fa Anti. Kuma kusancin lokaci ba shi ne ba, da Agustus sarkin Rum ya mutu a shekara ta 14 nan take wani sanata ya rantse ya ga hawansa sama, matar Agustus ɗin mai suna Libiya ta ba shi kuɗin Rum miliyan ɗaya.

Maman Biyu: Yauwa, shi miliyan ya samu. Bulus me ya samu? Bulala 39 har sau biyar da kurkuku. Wa ke shan wannan a kan abin da ya san ƙarya ne?

Ɗan Sabon Gari: Ban ce ƙarya ya yi ba. Shan duka na nuna ya yarda da abin da ya gani har zuciya, ba ya nuna mene ne ya ganin.

Baban Khalifa: Mu dai Suratun Nisa'i aya ta 157 ta raba mana gardama, ba a kashe Annabi Isa (AS) ba kuma ba a gicciye shi ba.

Admin: Alhaji a yi haƙuri, tarihi ake ba wa'azi ba, kowa ya riƙe nasa.

Malamin Tarihi: Abin da nake so Ɗan Sabon Gari ya gane shi ne shakkar nan tasa tsohuwa ce tukuf. Kelsus, wani bafalsafe mai sukar Kiristanci, wajen shekara ta 177 ya riga shi, ya ce shaidar farko wata mace ce da ta ruɗe, ya kuma tambaya me ya hana Yesu bayyana ga waɗanda suka yanke masa hukunci, sai wajen 248 malamin Kirista Orijen ya zauna ya ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Ko Matiyu 28:17 cewa ya yi waɗansu sun yi shakka. Sannan ga marubuci Lusiyan, mutumin nan ɗan tsokana ne wlh, da wani bafalsafe Feregirinus ya faɗa wuta a Olimfiya a 165, Lusiyan ya ce shi da kansa ya ƙirƙiro wa mutane cewa ungulu ta tashi daga cikin wutar, can an jima sai ga wani dattijo mai gemu yana rantsuwa wai da idonsa ya ga ungulun.

Ɗan Sabon Gari: Kin ji ko Anti? Ko kwana ba a yi ba 😂

Maman Biyu: Na ji, amma shi Lusiyan ɗin da ya ce maka ƙarya ya shirga, wa ya tabbatar maka da akwai dattijon?