Wane satifiket ne ya dace da mai aikin lissafin albashi?

Ɗan Sharaɗa:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah ina neman shawara. Shekara 4 kenan ni nake haɗa albashin ma'aikata a wani kamfani nan Kano, mu kusan 70 ne da direbobi da masu gadi, kuma HND kawai gare ni a akawu, aikin ma a hannun wanda na gada na koya shi. To yanzu ina so in samu takardar shaida ta ƙwarewa a wannan fannin saboda duk inda na kai CV sai a ce ina satifiket ɗinka. Na ga ana maganar wasu satifiket na aikin albashi, CPP da FPC, a intanet amma kuɗinsu da dala ne, gaskiya ina tsoron in tara kuɗi in zuba a abin da ba zai amfane ni ba. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Tsohon Akanta:
Wa alaikumus salam ƙanina. CPP da FPC ɗin nan na wata ƙungiya ce ta Amurka, PayrollOrg, wadda a da ake kira American Payroll Association, kuma jarabawar gaba ɗaya a kan dokar Amurka take, harajinsu da fom ɗinsu na W-2 da sauransu. Ko ka ci ta da maki mai kyau ba za ta faɗa maka ranar da ake kai PAYE, wato harajin da ake cirewa daga albashi, hukumar haraji ta jiha ba. Mu abin da ke cin mutum a teburin albashi daban ne: PAYE ya shiga kafin 10 ga watan da ke biye, fansho kashi 8 daga ma'aikaci kashi 10 daga kamfani kamar yadda dokar 2014 ta tanada kuma a tura shi cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, ga kashi 1 na NSITF, asusun biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, da kamfani ke biya daga aljihunsa, ga na ITF, asusun horar da ma'aikata, sannan kafin 31 ga Janairu ka shigar da bayanan harajin ma'aikata na shekara gaba ɗaya.

Ni akwai shekarar da na yi kuskure a layi ɗaya tak a Excel, na ja fomula ta tsallake alawus ɗin gida wajen lissafin fansho, wata 5 ana yanke wa mutane ƙasa da abin da ya kamata, sai da wani direba ya zo da takardar asusunsa na fansho a ninke cikin aljihun riga ya ce oga kuɗina bai cika ba. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba, haƙƙin mutane ne fa. Tun daga nan na koma karatu. Shawarata ka duba CITN, cibiyar ƙwararru kan haraji, don rabin aikinka haraji ne, ko kuma ka shiga ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci, tunda HND ɗinka na akawu ne, za a ɗauke maka wasu darussan.

Ƴar Zazzau:
Yaya ya faɗi gaskiya amma bari in ƙara. Ya danganta da inda kake son zuwa. A wurare da yawa albashi yana ƙarƙashin sashen kula da ma'aikata ne, ba akawu ba, kuma can satifiket ɗin CIPM, cibiyar ƙwararru kan kula da ma'aikata, suke tambaya. Ni ita na yi, ina aiki ina karatu da daddare bayan yara sun yi barci, ba sauƙi amma ana yi. Kuma don Allah ka zauna ka karanta sabuwar dokar haraji da ta fara aiki Janairun 2026, an canza lissafin PAYE sosai, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai, an cire wancan rangwamen haraji na bai-ɗaya, CRA, da muka saba an kawo na kuɗin haya. Wanda ya iya wannan lissafin da hannu ba tare da jiran manhaja ba shi oga zai riƙe.

Bakanon Turai:
Ni dai kar a kashe masa gwiwa a kan na waje gaba ɗaya. In burinka ka yi wa kamfanin Amurka aiki daga gida ne to FPC tana da amfani, ita ba ta buƙatar shekarun aiki, CPP ce sai ka cika sharaɗin gogewa. Nan Ingila kuma CIPP, cibiyar ƙwararrun masu lissafin albashi, ake ji da ita. Amma in nan gida za ka zauna to bi maganar su Yaya.

Ɗan Sharaɗa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ni a Kano nake son zama kusa da iyaye, don haka CITN zan fara bincika. Yaya maganar fomular nan ta tsorata ni, gobe da safe zan buɗe fayil ɗin fansho in bi shi layi-layi kafin a biya na watan nan.