Sunayen zamunnan duwatsu a Turanci da Faransanci: ta yaya ake daidaita su?

Ɗalibar Duwatsu:

Assalamu alaikum, malamai. Ina haɗa bayani kan dabbobi masu jan ciki na farko-farko daga takardu iri biyu, wasu da Turanci wasu da Faransanci, kuma abubuwa uku sun ɗaure mini kai. Takardar Turanci takan ce Early Permian a nan, ta ce Lower Permian a can, ta Faransanci kuwa Permien inférieur kawai take faɗi. Sannan akwai sunaye irin su Primaire, Stéphanien da Autunien waɗanda ba su cikin jadawalin zamani. Na uku, me ake nufi da reptiles mammaliens, kuma shin Dimetrodon mai jan ciki ne ko a'a? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai-Guduma:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki ta farko ita ce tushe, idan ta warware sauran sun zo da sauƙi.

Masana duwatsu tsani biyu suke hawa. Ɗaya na lokaci ne, wato shekarun da suka shuɗe. Ɗayan na dutse ne, wato shimfiɗun da suka kwanta a cikin waɗannan shekarun, waɗanda za ki iya sa wa guduma. Tsanin lokaci a Turanci shi ne eon, era, period, epoch, age, a Faransanci kuma éon, ère, période, époque, âge. Tsanin dutse shi ne eonothem, erathem, system, series, stage, Faransawa su ce éonothème, érathème, système, série, étage. Kowane mataki yana da abokinsa a ɗaya tsanin: period da system, epoch da series, age da stage.

To, Early da Late na lokaci ne, Lower da Upper na dutse. Dabba ta rayu a Early Permian, amma an tono ƙashinta daga duwatsun Lower Permian. Faransanci kan yi amfani da inférieur, moyen da supérieur ga duka biyun. Akwai masu rubuta précoce da tardif idan lokaci suke nufi, sai dai ba su da yawa. Saboda haka in kina juyawa daga Faransanci zuwa Turanci, dubi aikatau na jimlar. In an ce ta rayu, ta bayyana, ta ɓace, sa Early ko Late. In an ce an samu a ciki, ya kwanta a kan, kaurinsa mita kaza, sa Lower ko Upper. Wanda ya ce dabba ta rayu a Upper Permian ya saka ta cikin dutse tun tana numfashi.

Sunayen kansu ba su da wuya. Ɗafa-ƙeyar Turanci -ian takan koma -ien: Cambrien, Ordovicien, Silurien, Dévonien, Permien. Huɗu ne suka kauce: Carbonifère, Trias, Jurassique, Crétacé. Kula da Trias musamman, domin shi ne suna, triasique kuwa sifa ce, kuma da s guda ake rubuta ta. Babban baƙi ma yana da doka: Bature ya rubuta Late Jurassic da manyan baƙaƙe biyu, Bafaranshe ya rubuta Jurassique supérieur, na biyun ƙarami. In kalmar sifa ce, kamar calcaires jurassiques, ƙaramin baƙi ne gaba ɗaya.

Hukumar da ke kula da jadawalin duniya, ICS, tana fitar da shi da harsuna da dama har da Faransanci. Ajiye biyun gefe da gefe, ki tabbata na shekara ɗaya ne, domin alƙaluman iyakoki sukan ɗan motsa daga fitowa zuwa fitowa.

Hajiya Uwar Alli:

Malam ya gama da ta farko. Bari in taɓa ta biyu, 'yata, don nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Primaire, Secondaire da Tertiaire tsohon rabo ne da ya daɗe a littattafan makarantun Faransa. Primaire shi ne Paléozoïque, Secondaire shi ne Mésozoïque. Tertiaire an raba shi zuwa Paléogène da Néogène. Na huɗunsu, Quaternaire, shi ne kaɗai ya tsira a jadawalin yau, amma an sauke shi daga matsayin ère zuwa période.

Stéphanien da 'yan'uwansa labarinsu daban. Waɗannan sunayen yanki ne na Yammacin Turai, an ɗauko su daga wuraren haƙar kwal. Carboniferous, wanda ya fara wajen shekara miliyan 359 da suka wuce ya ƙare wajen miliyan 299, Turawan Yamma sun raba shi zuwa Dinantien da Silésien, shi kuma Silésien ya kasu Namurien, Westphalien, Stéphanien. Amurkawa sun raba shi zuwa Mississippian da Pennsylvanian, kuma nasu aka ɗauka a jadawalin duniya. Ga tarkon: iyakokin ba su haɗu ba. Iyakar Mississippian da Pennsylvanian, wajen miliyan 323, ta faɗa ne a cikin Namurien. Don haka kada ki taɓa musanya Silésien da Pennsylvanian kai-tsaye. Ki bar sunan kamar yadda marubucin ya sa shi, sannan ki ƙara étage na duniya da ya yi daidai da shi. Autunien, daga garin Autun, yana bakin iyakar Carboniferous da Permian, mafi yawansa a farkon Permian.

Permian ma haka. Da can kashi biyu aka yi masa, yanzu uku ne: Cisuralian, Guadalupian, Lopingian. Tsohuwar takarda da ta ce Permien supérieur tana iya nufin abin da yau ake kira na tsakiya. Shekarar da aka buga takarda ita ce abu na farko da za ki duba.

Sai alƙaluma, kuma a ganina wannan ya fi duk sauran haɗari domin ba ya nuna kansa. Bafaranshe yana sa waƙafi inda Bature yake sa ɗigo. Iyakar Permian da Triassic, wadda aka kafa alamarta a Meishan ta ƙasar Sin, Bature zai rubuta 251.9 Ma, Bafaranshe 251,9 Ma. Kuma biliyan ta Turanci milliard ce a Faransanci, billion ɗin Faransanci kuwa ya ninka ta sau dubu. Shekarun duniya 4,5 milliards ne a wurinsu. Gajerun alamomin Ma (shekara miliyan) da Ga (shekara biliyan) iri ɗaya ne a harsunan biyu, su suka fi aminci.

Ɗan Kurmi:

Ranki ya daɗe Hajiya, kin yi bayani. Ga ta uku, 'yar'uwa.

Komai yana komawa ga ramukan da ke ƙoƙon kai a bayan ido. Turanci yana kiran ramin temporal fenestra, Faransanci fosse temporale ko fenêtre temporale. Babu rami: anapsid, anapside. Rami ɗaya a ƙasa: synapsid, synapside. Ramuka biyu, sama da ƙasa: diapsid, diapside. Dukansu amniotes ne, wato masu ƙwan da ba ya buƙatar ruwa kafin ya ƙyanƙyashe, saɓanin dangin kwaɗi.

Reptiles mammaliens fassarar mammal-like reptiles ce, kuma synapsids na farko ake nufi. Sunan ya tsufa a harsunan biyu. Tun a Carboniferous zuriyar amniotes ta rabu gida biyu: ɗaya ya kai ga masu shayarwa, ɗayan ga ƙadangaru, macizai, kadoji da tsuntsaye. Dimetrodon, mai doguwar fata a tsaye a gadon baya da aka fi samu a Texas, yana gidan farko. Saboda haka a rabon yau ba mai jan ciki ba ne, balle dinoso. Ya ɓace shekaru miliyoyi da dama kafin dinoso na farko ya bayyana a Triassic. In kin ga reptile mammalien a tsohon rubutu, fassara shi yadda yake, ki ƙara cewa yau synapsid ake cewa.

Mai jan ciki na farko da aka fi ambata shi ne Hylonomus lyelli, wanda Dawson ya raɗa wa suna a 1860. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa da wutsiya wajen santimita 20. An samo shi a Joggins da ke Nova Scotia ta Kanada, cikin kogon kututturan itatuwan Sigillaria da suka zama dutse a tsaye, shekaru sama da miliyan 310. Takardar Faransanci za ta ce Westphalien, ta duniya ta ce Bashkirian, kin ga maganar Hajiya ke nan. Diapsid na farko-farko kuwa Petrolacosaurus ne daga Kansas, ƙarshen Carboniferous.

Sunan jinsi na Latin ba ya canzawa a kowane harshe, ana fara shi da babban baƙi a karkataccen rubutu. Sunan dangi ma ba ya canzawa, misali Captorhinidae. Na yau da kullum ne ke bambanta: captorhinids a Turanci, captorhinidés a Faransanci. Misalin da za ki iya cin karo da shi shi ne Moradisaurus grandis, wanda Philippe Taquet ya bayyana da Faransanci a 1969 daga duwatsun Permian na kusa da Arlit a Nijar.

Ɗalibar Duwatsu:

Na gode ƙwarai, malamai. Saura ɗaya: mésosaure da mosasaure abu ɗaya ne da aka rubuta iri biyu?

Ɗan Kurmi:

Ko kusa. Mesosaurus, wanda Paul Gervais ya sa wa suna a 1865, na farkon Permian ne, bai wuce mita ɗaya ba galibi. Ana samun sa a kudancin Afirka da Barazil, shi ya sa masani Bajamushe Wegener ya kafa hujja da shi cewa nahiyoyin biyu a haɗe suke a da. Mosasaurus kuwa ƙaton ɗan teku ne dangin ƙadangaru, na ƙarshen Cretaceous, sunansa daga kogin Meuse, an fara samun sa a Maastricht ta Holan. Tsakaninsu akwai kusan shekara miliyan 200.

Malam Mai-Guduma:

Ƙari kaɗan kan dutsen da ƙashin ke ciki. Grès shi ne sandstone, calcaire limestone, gisement kuma wurin da aka tono. Schiste ne mai ruɗi, domin a Faransanci yana ɗaukar shale, laka da ta taurare, yana kuma ɗaukar schist, dutsen da zafi da matsi suka sauya. In takarda ta ce an samu ƙashi a cikin schistes, kamar na Autun, shale za ki rubuta, domin zafin da ke yin schist yakan lalata ƙashi.