Ina so in sa wa tsohuwar Hilux ɗina manyan tayoyi, a ba ni shawara

Ɗan Ngong ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Hilux a-kori-kura ƙirar 1994, kat-kat (mai ja da ƙafa huɗu), mai injin gas 2.8. Da ita nake kwaso masara da gyaɗa daga ƙauyukan wajen Lagdo zuwa Garwa. Tayoyin da ke ƙafarta 205R16 ne, kuma duk sun suɗe.

A watan Agusta na ga ta kaina. Manyan motoci sun haƙe hanya, ramuka biyu hagu da dama, tsakiya ta yi tozo. Ina shiga da buhu goma sha biyu sai tulun aksul na baya ya zauna daram a kan tozon, tayoyi na ta wulwulawa cikin taɓo. Tun la'asar sai bayan isha'i samari suka tono ni, kuma ba kyauta ba. Ɗan yayata ya nuna mini wata a Facebook da aka sa wa taya 33x12.50, ta yi kyau kamar ingarma. In sa irinta? Ko in ɗaga sifirin kawai?

Baba Makanike, Marwa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ɗaga sifirin, bodi kawai yake ɗagawa, tulun aksul yana nan inda yake. Tsayin taya ne kaɗai ke raba shi da ƙasa. Nan ka yi tunani daidai.

Amma 33 ɗin nan, fita batunta. Yi lissafi da ni. Tayarka ta yanzu tsayinta wajen santimita 73 ne. 7.50R16, wadda nake ba ka shawarar ka sa, tana wajen 80 ko 81, ita kuwa 33 wajen 84. Rabin bambancin ne ke ɗaga aksul, wato 7.50 za ta ba ka kusan santimita 3 da rabi, 33 kuma 5. A kan ratar da ba ta kai yatsa biyu ba za ka sayi sabbin rim masu faɗi, ka yanke madigadi, in ka karya sitiyari har ƙarshe taya ta goga sifirin. Injinka kuma, 3L ne, dokinsa bai wuce 90 ba tun yana sabo, balle yanzu da ya ga jiya ya ga yau. Babbar taya tamkar ka ƙara wa kowace giya nauyi ce. Giya biyar za ta zama ado, kuloci zai riƙa ƙauri duk lokacin da ka tashi da lodi. Ranar da aiki ya kai ka Ngaundere ka zo hawan dutsen nan na bayan Mbe, za ka tuna da ni.

Boris na gaba da birki su ma suna ji a jikinsu. Kai da ke ɗaukar buhuna, tsayawa ta fi tashi muhimmanci.

Direban Kuseri:

Baba, a yi mini afuwa, amma faɗi ma yana da ranarsa. Ni 31x10.50R15 na sa, kuma a yashin mayo, wato rafi, ba ta taɓa ba ni kunya ba, in na rage iska sai ta bi ta sama kamar raƙumi. Hanyar Mora zuwa Dabanga ma ta fi mini laushi da ita.

Baba Makanike, Marwa:

Gaskiyarka a yashi. Shi fa laka ce matsalarsa. Baƙar ƙasar karal in ta sha ruwa, taya mai faɗi cika take yi ta zama sumul kamar faranti, siririya kuwa tana yanka ta taɓo ƙasa mai ƙarfi.

Hajiya Mai Albasa, Njamena:

Ni ba makanikiya ba ce, amma motoci biyu nake biya wa taya, na san zafin abin. Malam, bi maganar Baba. 7.50R16 ita ce ta a-kori-kurar Land Cruiser, don haka ko a ƙauye ta fashe, mai faci ya san ta, kuma za ka samu ta hannu. 33 fa, wa zai ajiye maka ita a Lagdo?

Kada dai a ruɗe ka da rim ɗin Land Cruiser na bayan 1999, huji biyar gare su, taka shida ce. Kuma ka sayi biyar har da safaya. Direbana ya taɓa haɗa babba da ƙarama ya sa kat-kat, gyaran da ya biyo baya ya fi kuɗin tayar. In ta hannu za ka saya, duba lambobi huɗun ƙarshe bayan haruffan DOT a gefenta: 2318 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na 2018.

Wani abu da ya sa na kusa korar direban a banza: in ka sa 7.50, mita za ta rage ƙirga tafiya da kusan kashi 10 cikin 100. Allura na kan 80, kai kana kusan 88. Na ɗauka gas yake sayarwa, ashe kilomitocin ne ba su cika ba.

Ɗan Ngong:

Na gode Baba, na gode Hajiya, Allah ya bar zumunci. Na je wurin mai taya a Garwa mun gwada 7.50 ɗaya a gaba, ta hau rim ɗina, mun karya sitiyari hagu da dama ba ta taɓa komai ba, amma mota ba lodi. Gobe zan ɗora buhu goma mu sake gwadawa. Ɗan yayata dai tun jiya yake fushi da ni.