Musayar Waƙa: Sarkin Butan da Ya Sauka da Kansa

Ɗan Zazzau:
Bismillah, 'yan uwa ku matso kusa,
In ba ku labarin Butan da sarauta.
Tsakanin Sin da Indiya, bisa duwatsu,
Gidan Wangchuck tun 1907 ke riƙe da ita.
A da majalisa akwai, amma magana ta ƙarshe
Ta sarki ce, ba mai iya musanta ta.
Sai ga Jigme Singye, sarki na huɗu,
A 1998 ya bar wa ministoci ragamarta.
A 2006 ya sauka yana da shekara 51,
Ya ba ɗansa, ba takobin da ya tilasta.

'Yar Damagaram:
Yaya, ka tsallake wurin da ya fi daɗi,
Talakawa fa ba su ce dimokuraɗiyya suke buƙata.
Sai da aka yi zaɓen gwaji a 2007,
Jam'iyyu huɗu na launi, don a fahimta.
Rawaya, launin gidan sarki, ta lashe,
Ka ga inda zuciyar jama'a ta karkata.
A Maris 2008 aka yi na gaske,
Da kujera 45 cikin 47 jam'iyya guda ta rabauta.

Baba Mai Goro:
'Ya'yana, waƙarku ta yi zaƙi,
Amma akwai kukan da ba ku ambata.
Masu harshen Nepal na kudancin ƙasar,
Dokar zama ɗan ƙasa ta 1985 ta ƙuntata.
Sama da dubu 100 suka bar gonakinsu,
A sansanonin Jhapa ta Nepal suka daɗe suna wahalta.
A zamanin wanda kuke yabo aka yi,
Wa ya nemi shawararsu ranar rubuta ta?
Shekarar da ake layin zaɓe a Timfu, babban birni,
Su jirgin Amurka suke hawa, gida ya nisanta.

Ɗan Zazzau:
Baba, na durƙusa, ka faɗi gaskiya,
Wannan tabo ba ni da bakin ƙaryata.
Abin da ya taɓa ni har na ɗau alƙalami,
Dokar tsarin mulki ta Yuli 2008 ce da na karanta:
Sarki in ya kai shekara 65 ya sauka,
Ko lafiyarsa lau, dole ya huta.
In kashi uku cikin huɗu na majalisa sun nema,
Jama'a su kaɗa ƙuri'ar tuɓe shi daga sarauta.
Da sabon sarkin, ɗan Jigme Singye, ya so ya ƙi, wa zai hana shi?
Amma da hannunsa ya rattaba a kanta.

Baba Mai Goro:
Na ji, ɗana. To ƙara baiti guda
Domin tsofaffin da har yanzu suke da fata,
Waɗanda har yau a Jhapa suke kwana,
Suna jiran a ce su komo gida su huta.