A Ghana, takardar saki ta isa, ko sai an je kotu?

Alhaji Sule, Aboabo, Kumasi: Jama'a, ni ina nan kan bakana. Miji ya furta saki, ya ba da takarda, mace ta gama idda, aure ya mutu. Kotun ta mece ce kuma? Tonon asiri ne da ɓarnar kuɗin lauya.

Hajiya Rabi, Asawase: Alhaji, a addini haka ne, ba musu. Amma wane auren? Ƙanwata bayan an ɗaura a masallaci suka je suka sa hannu a na gwamnati, wanda ba a yi wa kishiya. Ya sake ta, ta yi idda, wani ya fito. Sai aka ce mata a wajen hukuma har gobe matar wancan ce.

Malam Bashiru, Sawaba: Gaskiyar Hajiya. Irin wannan sai alƙali ya warware shi, a ƙarƙashin dokar shari'ar aure ta 1971. Dalili ɗaya tak kotu ke dubawa: auren ya lalace, sulhu ya gagara. Sai ka nuna hujja, ko zina, ko halin da ba a iya zama da shi, ko guje wa gida shekara 2, ko zaman rabe shekara 5. Ka rubuta ƙara, ka haɗa da takardar aure, masinjan kotu ya kai wa ɗayan. Auren da bai cika shekara 2 ba kuwa, sai ka nemi izinin kotu tukuna.

Alhaji Sule: To Malam, mu da goro da sadaki kawai muka sani fa?

Malam Bashiru: Ku ma ba ku tsira ba, Alhaji. Tun 1907 doka ta ce a yi wa auren Musulmi rajista cikin mako guda, saki cikin wata guda. Mu nawa muka yi a Zango? Ni kaina sai da aka tunasar da ni.

Hajiya Rabi: Ku bar ma wannan. Ɗakin da mace ta sa kuɗin wankinta da na wake da shinkafa aka gina, da kuɗin makarantar yara, takardar saki ce za ta karɓo mata?

Alhaji Sule: Wannan aikin iyaye ne da liman da Sarkin Zango, Hajiya.

Hajiya Rabi: Idan ya ji maganarsu. In ya ƙi, wa zai tilasta shi?

Anti Lami, Asokore Mampong: Yaya Rabi, wadda ba ta da kuɗin lauya fa?

Hajiya Rabi: Ta je Legal Aid, hukumar da ke taimaka wa marasa kuɗin lauya, ta tafi da takardar aure da na haihuwar yara.

Alhaji Sule: Ni dai nawa ba zai kai can ba. An kira La'asar, sai na dawo.