Yawon amarci a Roma: waɗanda suka taɓa zuwa, ku ba ni shawara

Ɗan Ƙofar Doka:

Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya kai mu, ƙarshen watan Satumba za a ɗaura min aure a nan cikin birnin Zariya. Tun muna zance na yi wa yarinyar alkawari, da bakina, ba wanda ya matsa min, cewa bayan biki zan kai ta Italiya. Zanen gine-gine ta karanta a Samaru, kuma akwai wani tsohon gini a Roma, Pantiyon, da ta dame ni da hotonsa har na haddace shi. Kuɗin da na tara zai riƙe mu kwana takwas, in an matse tara.

Shin mu tsaya Roma kaɗai, ko mu haɗa da Benis da Fulorans tunda an riga an kashe kuɗin jirgi? Ya batun abinci da sallah? Sannan Hajiyata ta ce ita ba ta taɓa jin amaryar da ta bar ɗakinta kafin kwana bakwai ba, ga dangi daga Soba da Kudan za su zo ganin ɗaki. Ni kuma so nake mu tashi kwana uku da tarewa. Na rasa yadda zan ɓullo mata.

Baban Sadiƙ, Samaru:

Wa alaikumus salam, ango ka sha ƙamshi. Allah ya sanya alheri. Mun je da uwargida shekara biyu da suka wuce, bari in faɗa maka abin da na gani.

Ka tsaya Roma. Mu kwaɗayi ya sa muka raba kwana tara gida uku, abin da muka fi gani shi ne tashar jirgin ƙasa da cikin akwatinmu. In ma ranku ya biya, Fulorans awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa mai gudu, ku je da safe ku dawo da daddare, kayanku na otal. Benis ku bar ta sai wani jiƙon.

Maganar akwati kuwa, kada ka yarda amarya ta kwaso lefenta. Titunan tsohon gari da ƙananan baƙaƙen duwatsu aka shimfiɗe su. Daga filin jirgin Fiyumicino jirgin ƙasa ya kawo mu tashar Tarmini cikin rabin awa, lafiya lau, amma kafin mu kai masauki tayar babban akwatin ta cire. A kai na ɗauke shi kamar ɗan dako a kasuwar Sabon Gari, da babbar rigata, Turawa na kallona, ita kuma tana bayana tana dariya har da hawaye.

Pantiyon ɗin nan amaryarka ta yi gaskiya. Daga waje ba zai ba ka mamaki ba, sai ka shiga. Ƙubba ce guda, faɗinta ya haura mita 43, ba ginshiƙi a tsakiya, ba rodi a cikin kankaren, kuma tana nan tun zamanin sarki Hadiriyan, kusan shekara 1,900. A can ƙololuwa an bar wata kafa zagayayya, wajen mita 9, a buɗe, ita ce hanyar haske. Ranar da muka je ana yayyafi, ruwan na saukowa ta kafar a miƙe, yana bin wasu ƙananan huda a daɓen yana shigewa. Uwargida ta ɗaga kai har wuyanta ya ƙage, sai ta ce min ita ɗaurin gugan Babban Gwani na masallacin Juma'ar fada abin ya tuna mata, sai dai shi da ƙasa da azara ya yi nasa. Da can kyauta ake shiga, a 2023 suka fara karɓar kuɗi, Yuro 5 a lokacin. Ka sani dai yanzu coci ne, ana ibada a ciki wasu lokutan.

Kolosiyam, filin da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, inda a da ake haɗa faɗa tsakanin mutum da mutum ko mutum da zaki, ka sayi tikitinsa ta intanet tun kana gida. Layin wurin ya fi na gidan mai.

Sallah ba matsala. Babban masallacin Roma yana unguwar Pariyoli, an buɗe shi 1995, Sarki Faisal na Saudiyya ne ya sa kuɗin farko, kuma yana cikin manyan masallatan Turai. Da ɗan nisa daga tsakiyar gari, ku ware masa Juma'a guda. Ginshiƙan ciki kamar bishiyoyin dabino suke, amaryarka za ta so ganinsu. Sauran ranaku ga ƙasaru, ga darduma a jaka.

Abinci shi ne inda za ka buɗe ido. Shahararrun taliyarsu biyu, karbonara da amatiriciyana, da naman alade ake yin su, an yanka ƙanana har ba ka lura. Ka haddace kalmar maiale, alade ke nan, da strutto, kitsensa, don yana shiga wasu burodin. Mu taliya da cuku da barkono muka riƙe, da fizar tumatir da cuku, da kifi. In kun yi marmarin nama, bayan tashar Tarmini wajen dandalin Bitoriyo akwai 'yan Bangaladash da Larabawa masu halal. Ka tafi da yajinka, abincinsu ba ya jin yaji. Ruwan sha kada ka saya, famfunan ƙarfe na bakin titi suna zuba dare da rana, sanyi ƙalau.

Maman Hanifa:

Ƙanena, kai kana lissafin jirgi, Hajiya tana lissafin mutane. Gaskiyarta. Yarinyar da ta yi sati ana kamu, ana walima, ana kai amarya, ba ta yi barcin kirki ba, ita za ka ɗauka kwana uku da tarewa ka ce ta taka ƙasa tun safe har dare? Roma da ƙafa ake ganinta. Kuma gwaggonnin da suka taso daga Soba su tarar da ƙofa a kulle, ba kai za su zaga ba, ita za su ce ta raba ka da dangi. Wannan tabon ya fi shekara goma bai goge ba.

Sannan akwai abin da ku maza ba ku tunawa: lalle. Ni kwana biyar da bikina muka je ba da hoton yatsu na bizar wata ƙasar Turai, yatsuna sun yi baƙi ƙirin har ƙarshe. Matar ta danna, ta goge, ta sake dannawa, na'ura ta ƙi karɓa. Haka muka dawo Zariya daga Abuja, kuɗin mota da na masauki sun tafi a banza, maigida bai yi min magana ba har Jaji. Ko dai ka gaya wa mai ƙunshi ta bar kan yatsun, wanda na san amarya ba za ta yarda ba, ko ku jira ya kwashe.

Kuma in a matsayin mata da miji za ku nema, takardar shaidar aure za su so gani, ita kuwa sai an ɗaura ake samunta. Ka ga lissafinka na kwana uku ya rushe da kansa, ba sai kun yi musu da Hajiya ba. Kuɗin bizar Shengen, wadda da ita ake shiga Italiya, Yuro 90 ne kowane mutum, ban da na ofishin karɓar takardu, kuma dole ku yi inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin jinya har ta Yuro 30,000. Ka cike da hannunka, kada ka bai wa dillali fasfonku.

Ka saya mata takalmin ƙafa-ciki mai laushi, ta fara sa shi tun a gida. Ka kuma gaya mata tun yanzu garin cike yake da gumaka tsirara, a dandali, a bakin ruwa, ko'ina, kada ta je ta rasa inda za ta sa idonta a gabanka.

Na Kano a Sabon Gari:

Oh ni, Zage-zagi an waye! Ku da ganuwar Amina ke zubewa a bayan gidanku ba ku leƙa ba, shi ne za a canji Yuro a je kallon kangon wasu. Ango, kuɗin nan fuloti ne a bayan Ɗanmagaji. Ko ka kai ta Umara ku samu lada. In gini take son gani, ka hau da ita dutsen Kufena, kyauta ne.

Malam Mai Alli:

Na Kano, a yi mana afuwa, alkawari kaya ne, tunda ya ɗauka sai ya sauke. Ango, ga wata tsaraba da ba kowa ya sani ba. A bakin kogin Taiba, kusa da Batikan, akwai wani zagayayyen gidan yari na da, Kastel Sant Anjelo. A nan aka tsare wani malami ɗan birnin Fas na Maroko, Alhasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afirkanus, bayan 'yan fashin teku sun kama shi a 1518 sun miƙa shi ga Fafaroma Liyo na goma. A Italiya ya rubuta bayanin ƙasashen Afirka, aka buga a Benis a 1550, kuma a ciki ya ambaci Kano da Katsina da Gobir da Zamfara da ƙasarmu, wadda ya rubuta Zegzeg. Har ya ce mutanen tuddan ƙasar saboda sanyi sukan hura wuta a tsakar ɗaki su zuba garwashi ƙarƙashin gado su kwanta. Duk wanda ya yi hunturu a Samaru ba zai ƙaryata shi ba. Ka kai ta can da yamma, daga saman ginin ana ganin garin gaba ɗaya.

A Tirebi kuma, wani shahararren wurin ruwa mai kwarara a tsakiyar gari, za ka ga kowa ya juya baya yana jefa kwabo, wai don ya sake dawowa Roma. Camfinsu ne, ku yi hoto ku wuce. A kula da aljihu a nan da cikin bas.

Ɗan Ƙofar Doka:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Maman Hanifa, wallahi batun lallen nan ko a mafarki bai zo min ba. Na tura wa amarya, ta ce ko me za a yi ba za a taɓa mata ƙunshinta ba. Don haka mun mayar da tafiyar tsakiyar Nuwamba, Roma kaɗai. Na duba, an ce lokacin ne suka fi samun ruwan sama, kuma kafin ƙarfe biyar an yi magariba, amma ita murna ma take, wai so take ta ga ruwan yana saukowa ta kafar nan da Baban Sadiƙ ya faɗa. Hajiya da na gaya mata cewa ta yi Allah ya yi min albarka da na ji maganarta, ban ce mata komai ba.

Na Kano, fulotin yana nan zuwa, ka fara nemo min mai sauƙi. Baban Sadiƙ, yajin nan da ka tafi da shi, a jakar hannu ka sa ko a babban akwati? Kuma kilishi fa, suna bari a shiga da shi?

Baban Sadiƙ, Samaru:

Yaji a babban akwati, ka ɗaure shi a leda biyu, nawa ya fashe cikin farar shaddata. Kilishi kada ka soma, dokarsu ta hana shiga da nama ko madara daga wajen Tarayyar Turai, ƙwacewa za su yi. Ku cinye abinku a hanyar Abuja.